Tarihin Hannun Gem, Daga Akwatin Katako Zuwa Wayar Aljihu

Yana daga cikin abubuwan da ke ba mai lura mamaki, cewa kamfanonin da ke ƙera na'urorin wasa a duniya, waɗanda ba su taɓa jituwa a kan farashi ko a kan kasuwa ba, har ma wasunsu sun sha gurfanar da juna gaban alƙali, sun wayi gari sun yi ijma'i a kan siffar abu guda, watau hannun nan da ake riƙewa a sarrafa wasa da shi, wanda samarinmu ke kira hannun gem. Ko na Sony mutum ya ɗauka, ko na Microsoft, ko na Nintendo, ko kuwa na wani ƙaramin kamfanin ƙasar Sin da bai taɓa jin sunansa ba, abin da zai tarar kusan ɗaya ne: ƙahonni biyu da ke cika tafin hannu, 'yan sanduna biyu na babban yatsa, gicciye a hagu, maɓallai huɗu a dama, da wasu huɗu a kafaɗa inda manuni ke kwanciya. Wannan ijma'i kuwa ba mutum guda ne ya zauna ya tsara shi ba. An yi kusan shekara arba'in ana saɓani, kowa na kawo hujjarsa, kuma babu wani maɓalli a jikin abin nan face an sa shi ne domin a warware wata matsala da ta dami mutanen wani zamani.

Mafarin al'amarin yana komawa ne ga shekarar 1958, a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke jihar New York ta Amurka, inda wani masanin kimiyya mai suna William Higinbotham, wanda ya yi aiki a cikin ayarin da suka haɗa bam ɗin nukiliya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga baƙin da ke zuwa ziyara suna gajiya da kallon na'urorin da ba sa motsi, sai ya shirya musu wasan tanis a kan wani ɗan ƙaramin allo na awon lantarki. Kowane ɗan wasa ana miƙa masa akwatin alminiyom mai abin murɗawa guda da maɓalli guda: ya murɗa ya saita inda ƙwallo za ta nufa, ya danna ya buga ta. Malamin bai ɗauki abin bakin komai ba, bai ma yi rajistar mallakarsa ba, bayan an sake nuna shi a shekarar da ta biyo aka wargaza na'urar aka yi wani aikin da kayanta.

Abin da ya faru a jami'ar MIT a shekarar 1962 shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne aka fara ganin illar da ta haifar da hannun gem. Steve Russell da abokansa sun rubuta wasan yaƙin jiragen sararin samaniya mai suna Spacewar a kan wata kwamfuta da ake kira PDP-1, wadda kuɗinta ya kai dala 120,000, kuma da farko da makunnan da ke jere a gaban na'urar ake tuƙa jiragen. Sai aka tarar da aibu uku: mutum biyu su cunkushe a wuri ɗaya har gwiwar hannunsu ta yi tsami, wanda ya fi kusa da allo ya fi ɗan'uwansa gani, ya zama an zalunci ɗaya tun kafin a fara, sa'an nan idan wasa ya yi zafi wani yakan kai hannu bisa kuskure ga makunnin da zai tsayar da na'urar ɗungurungum. Ganin haka sai Alan Kotok da Bob Saunders, waɗanda 'yan ƙungiyar masu wasa da ƙananan jiragen ƙasa ne a jami'ar, suka tsinto tarkacen makunnai daga ɗakin ƙungiyarsu, suka harhaɗa su cikin akwatunan katako, suka ja musu doguwar igiyar lantarki, kowa ya koma gefe ya zauna da nasa. Har ma sun kula maɓallin harbi ya zama marar ƙara, don kada abokin karawa ya ji dannawarka ya kauce.

Daga nan wasa ya fita daga jami'a ya shiga gidajen mutane ta hannun Ralph Baer, Bayahuden Jamus da iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Amurka a 1938, wanda na'urarsa ta fito kasuwa a 1972 da sunan Magnavox Odyssey, hannunta kuwa akwati ne da ake ajiyewa a kan cinya ana murɗa shi ta gefe da gefe. A 1977 Atari ta fito da na'urarta mai sanda guda da jan maɓalli guda, sandar da aka aro daga matuƙan jirgin sama. Mutum ya tallabe gindin da hagu, ya damƙi sandar da dama, bayan sa'a guda wuyan hannunsa ya gaya masa. Waɗanda suka zo yin gasa da ita sai suka zarce haddi ta ɗaya ɓangaren: Intellivision ta 1979 ta jera maɓallai goma sha biyu irin na tarho, har sai an zura wata 'yar takardar roba a kansu kafin a san aikin kowanne a cikin kowane wasa. Ita kanta Atari, a na'urarta ta 1982, ta yi sandar da ba ta komawa tsakiya idan an sake ta, abin da ya jawo mata tsinuwar masu saye. A 1983 kasuwar wasannin ta durƙushe a Amurka, saboda dalilai da yawa da ba nan ne muhallin bayaninsu ba, jagoranci ya koma Japan.

A birnin Kyoto akwai wani tsohon kamfani mai suna Nintendo, wanda aka kafa tun 1889 domin buga karta, kuma a 1965 ya ɗauki wani saurayi mai suna Gunpei Yokoi aikin kula da injinan buga kartar. Aikin ba shi da yawa, saboda haka yakan zauna yana ƙere-ƙerensa, har ran nan shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi da wani hannun wasa mai miƙewa ya ɗauko abu daga nesa, maimakon ya tsawata masa sai ya umarce shi ya mai da shi hajar sayarwa, aka kuwa sayar da fiye da miliyan guda. An ruwaito cewa bayan shekaru, yana cikin jirgin ƙasa, ya ga wani ma'aikaci da zaman ya gundura yana ta latsa na'urar lissafinsa don kashe lokaci, daga nan tunanin ɗan ƙaramin wasan aljihu ya zo masa, wanda ya fito a 1980 da sunan Game & Watch. To, a 1982 da aka so a sa wasan Donkey Kong a cikin irin wannan na'ura mai allo biyu da ake ninkewa a rufe, sai mas'ala ta taso: wasan yana bukatar tafiya sama da ƙasa da hagu da dama, sanda kuwa ba za ta bari murfi ya rufu ba, maɓallai huɗu a rarrabe kuma suna sa mutum ya riƙa sunkuyawa yana duban yatsansa. Abin da sashen Yokoi ya fitar shi ne gicciyen nan shimfiɗaɗɗe, ko da yake adalci ya wajabta a ambaci cewa sunan wani ma'aikacinsa, Ichiro Shirai, shi ne a kan takardar rajistar.

Wanda ya taɓa kwance tsohon hannu ya duba cikinsa zai ga hikimar da idonsa. Gicciyen guntun roba ne guda ɗaya, a ƙarƙashin tsakiyarsa akwai ɗan tudu wanda yake lilo a kansa, ta yadda idan ka danne hagu dole dama ta ɗaga, ba ya yiwuwa a ba na'ura umarni biyu masu warware juna. A ƙarƙashin kowane reshe akwai 'yar roba mai laushi da baƙin ɗigo a cikinta, wanda idan ya sauka ya taɓa allon lantarki sai hanya ta haɗu, idan aka ɗaga yatsa robar ta mai da shi mazauninsa. Ba ƙarfe mai tsada, ba abin da zai karye. Amma babbar fa'idar ita ce yatsa yana gane inda yake ta hanyar shafa kawai, ido ya huta ya tsaya a kan allo, kamar yadda mahayin da ya ƙware ba ya sunkuyawa ya dubi linzami. Yokoi yana da mazhaba sananniya a sana'arsa, cewa a bar rububin sabuwar fasaha mai tsada, a ɗauki tsohuwa wadda ta yi araha aka san halinta, a nema mata wani aikin da ba a taɓa tunani ba. Ni kuwa a ganina babu hujjar da ta ƙarfafa wannan mazhaba kamar gicciyen nan. Da aka zo fitar da na'urar gida ta Famicom a 1983, injiniyoyin suka ji tsoron yara za su taka sanda a ƙasa su karya, suka ɗauko gicciyen suka sa a hagu, maɓallai biyu a dama, tun daga ranar aiki ya rabu: babban yatsan hagu shi ke tafiya, na dama shi ke aikatawa. Kwaikwayon wannan na'ura ne ya cika kasuwanninmu daga baya, da kasusuwan nan masu ruwan ɗorawa da ke da'awar wasa dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, kuma a kansu ne da yawa daga cikin iyayen yau suka fara sanin Mario.

Abin da ya biyo baya ƙari ne a kan wannan asali. A 1990 Nintendo ta mai da maɓallan dama huɗu, ta kuma sa biyu a kafaɗa, domin ta lura manuni yana kwance a wurin ba ya aikin komai. A 1994 Sony ta shigo da PlayStation, mai zanenta Teiyu Goto ya yi wa hannun ƙahonni biyu, manyan kamfanin suka ƙi, suna son shimfiɗaɗɗe irin wanda mutane suka saba, sai shugabansu Norio Ohga, wanda shi kansa matuƙin jirgin sama ne, ya goyi bayan Goto, magana ta ƙare. Goto ne kuma ya bar haruffa ya sa alamomi: alwatika tana nufin mahangar ɗan wasa, murabba'i takarda ce ta jerin zaɓi, da'ira na'am, alamar X a'a, bisa al'adar Japan inda malami ke zana da'ira a kan amsar da ta yi daidai. Da na'urar ta isa Turai da Amurka sai aka juya, alamar X ta zama ita ce na'am, aka zauna a kan wannan saɓani shekara ashirin da biyar, har 2020 da Sony ta tilasta wa mutanen Japan bin na Turawa. Irin wannan ruɗani yana nan tsakanin Nintendo, wadda harafin A nata ke dama, da Microsoft, wadda nata ke ƙasa, kuma har yau yana tuntuɓe da mai wasa a waya, wanda allo zai ce masa danna A, yatsansa ya tafi inda ya saba ya danna B.

Da wasanni suka tashi daga shimfiɗaɗɗen hoto suka koma fili mai zurfi da mutum ke kewayawa, gicciye ya gaza, domin shi bai san komai ba sai a danna ko a sake, alhali ana bukatar a rarrabe tsakanin sanɗa da tafiya da gudu. Sai sanda ta dawo, amma 'yar ƙarama daidai babban yatsa, a jikin Nintendo 64 ta 1996, wadda hannunta ke da ƙaho uku kamar an yi shi domin mai hannu uku. A 1997 aka ƙara masa abin girgiza, a cikin shekarar kuma Sony ta fito da DualShock mai sanda biyu, ɗaya ta tafiya ɗaya ta waiwaye, da girgizar a cikinsa. Ana iya cewa a nan ƙofar ijtihadi ta kusa rufuwa. Microsoft ta zo a 2001 da na'urarta Xbox, da wani ƙaton hannu da ya gagari masu ƙananan tafuka, ta yi wa Japan ƙarami, daga bisani ƙaramin ya kori babban a ko'ina. Abin da ya rage na saɓani shi ne ko sandar hagu ta zauna sama, ko ta zauna ƙasa daura da 'yar'uwarta, kowane ɓangare kuma da mabiyansa masu tsanani. Wannan siffa ce ta shiga gidajen gem na garuruwanmu tare da PlayStation 2, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo janareta na ruri a waje, hannun duk an ɗaure shi da salatif, robar kan sandar ta cinye, wanda aka ci kuma ba ya rasa cewa hannunsa ne ba shi da kyau. Sabo da wannan siffa ya kai matsayin da a 2018 rundunar ruwan Amurka ta ƙaddamar da jirgin yaƙi mai nutso, USS Colorado, wanda ake juya madubin leƙensa da hannun Xbox, saboda ya fi na da araha nesa ba kusa ba, kuma matasan sojojin ba su bukatar a koya musu.

Ita wayar hannu ta bi wata hanya dabam. A 1997 wani injiniyan Nokia a ƙasar Finland, Taneli Armanto, ya sa wasan maciji a waya ƙirar 6110, ana juya shi da lambobin 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda in an duba gicciyen Yokoi ne a ɓoye cikin maɓallan kira; da layukan salula suka buɗe a Nijeriya a 2001 kuwa, macijin nan na cikin Nokia 3310 ya ci dare da yawa. A 2003 Nokia ta yi ƙoƙarin haɗa waya da na'urar wasa a N-Gage, amma sai an cire batir kafin a canza wasa, kuma a karkace ake kara ta a kunne, ta zama abin ba'a. Sa'an nan a 2007 Apple ta fito da iPhone, ta share maɓallai ta bar gilashi, duniya ta bi.

Gilashi yana da wasannin da suka dace da shi, irin su Angry Birds na 2009, inda ja da saki ya wadatar. Amma ƙwallo da tsere da harbi an gina su ne a kan hannun 1997, don haka masu yin su suka zana hoton sanda da hoton maɓalli a kan allo, suka maido da illar da aka warkar tun 1982: yatsa ba ya jin iyakar maɓalli, yana zamewa bai sani ba, yana rufe abin da ake son gani, ga gumi, ga zafin waya. Sony Ericsson ta gwada Xperia Play a 2011, waya mai hannun gem da ake zamewa a fito da shi daga ƙarƙashi, ba ta yi kasuwa ba. A shekarar ce Android ta fara karɓar hannun waje. Apple ta buɗe ƙofa a 2013, amma da sharaɗin sai wanda ta ba lasisi, na farkon suka zo a kan kusan dala 100 ba tare da ingancin da ya kai kuɗin ba, sai a 2019 ta sauko ta yarda da hannun PlayStation 4 da na Xbox, a 2020 kuma Razer Kishi da Backbone One suka yaɗa irin wanda ake buɗewa a sa waya a tsakiya.

Saboda haka mai niyyar saye a yau yana tsaye ne tsakanin gado biyu. In ya ɗauki cikakken hannu irin na na'urar gida, ya haɗa ta Bluetooth, ya maƙala wayar a samansa da maƙali, ya sami daɗin riƙo da abin da zai yi masa aiki a kwamfuta ma, amma nauyin wayar zai riƙa rinjayar wuyan hannunsa, ga batir na biyu da zai riƙa caji, ga ɗan jinkiri tsakanin dannawa da aikatawa wanda mai buga ƙwallo ba zai damu da shi ba amma mai harbi zai ji shi. In kuwa mai buɗewa ya ɗauka, wanda ke shiga ramin caji kai tsaye, jinkiri ya ragu ƙwarai, ba ruwansa da batir, galibi ma akwai ramin da zai sa caja yana wasa, sai dai sau da yawa dole ya tuɓe wa wayar rigarta, tudun kyamara na iya hana ta zama, kuma wanda aka yi wa tsohon ramin iPhone ba ya shiga waɗanda suka fito daga 2023, lokacin da Apple ta koma USB-C. Sharaɗin da ya fi waɗannan duka, wanda kuma aka fi gafala da shi, shi ne wasan kansa ya yarda. Call of Duty Mobile yana karɓar hannu, amma yana haɗa masu hannu da 'yan'uwansu don kada a zalunci masu gilashi, wadda ita ce mas'alar adalcin nan ta 1962 ta dawo da sabuwar riga. PUBG Mobile kuwa bai buɗe wannan ƙofa ba a hukumance, shi ya sa ma'abotansa suka koma ga 'yan maƙalai biyu masu araha da ake ɗorawa a gefen waya su zama maɓallan kafaɗa, wasu kuma suka horar da yatsu huɗu a kan gilashin.

Saura aibu guda wanda ijma'in 1997 ya gadar, shi ne sanda ta riƙa tafiya da kanta ba wanda ya taɓa ta. Sababinsa a fili yake: a gindin kowace sanda akwai ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wata siririyar hanya ta baƙin kabon, da wannan gugar ne na'ura ke sanin inda sanda ta karkata, kuma duk abin da ake gogawa dole ya cinye, balle a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. Abin ya yi ƙamari a hannun Nintendo Switch na 2017, har aka kai kamfanin kotu a Amurka a 2019, shugabansa Shuntaro Furukawa ya ba da haƙuri a 2020. Maganin kuwa ya girmi cutar da shekaru masu yawa, domin tun 1879 wani ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins, Edwin Hall, ya gano cewa idan lantarki na bi ta cikin siririn ƙarfe aka kusanto da maganaɗisu, ana iya auna kusancinsa ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Kamfanin Sega ya yi amfani da wannan a sandar Dreamcast tun 1998, amma ya bar ƙera na'urori a 2001, dabarar ta ja baya kusan shekara ashirin, har ƙananan kamfanonin Sin irin su GuliKit da GameSir da 8BitDo suka tono ta suka sa a hannuwan da sau da yawa ba su kai na manya tsada ba, suna buga sunan Hall a jikin kwali. Manyan nan uku kuwa, hannuwan da suke haɗawa da na'urorinsu har yanzu ba su koma ga maganaɗisu ba, kuma da Nintendo ta fito da Switch 2 a 2025 ta faɗa da bakinta cewa sandunansa ba na Hall ba ne.